Baba Tukuna

Kowace safiya, tun masu shaguna ba su ɗaga ƙofofinsu ba, yakan hau benen da ke saman shagon mai gyaran fanka, ya buɗe ɗakinsa mai taga ɗaya, ya goge gilashin kyamara da gefen riga, abin da mai ɗaukar hotonsa ya gaji da hana shi. Daga nan sai ya ja kujera bakin taga ya zuba wa titi ido. Ka tambaye shi me yake yi, ya ce maka aiki.

Daraktan fim ne, amma ba na kowa ba. Ba kamfani, ba ubangida. Kyamara ɗaya ce, sai fitila biyu, ɗayar ma sai an mare ta take kamawa. A wurin aiki Baba Tukuna ake kiransa, kuma sunan nan ne ya daɗe yana min ƙaiƙayi.

Ashe ga mafarinsa. Kowane darakta, da ɗan wasa ya kai ƙarshen maganarsa, sai ya ɗaga murya ya ce "Yanke!" a kashe kyamara. Shi kuwa shiru yake yi. Mai ɗaukar hoto ya waiwayo, sai ya raɗa masa, "Tukuna."

"Ni ma haka ya yi min," in ji matarsa tana dariya. "Ya kusa cinye ƙofar gidanmu da zarya, da an ce ya fito sai ya ce tukuna."

Da aka matsa masa kan dalili, cewa ya yi, "Ɗan wasa ƙarya yake yi har sai ya zaci an gama. To ni abin da ke bayan ƙaryar nake jira."

Bana idonsa ya fara dushewa, fuskar mutum ta koma masa inuwa. Ya ce sai ya ƙarasa fim ɗinsa na ƙarshe, labarin wani tela da ɗansa ya bar gida ya daɗe. Tela na gaske ya ɗauko, dattijon da bai taɓa wasa ba, kuma a cikin shagonsa ake ɗauka. Saura fitowa ɗaya: ɗan ya shigo, uban ya ce, "Ka dawo?" Washegari za a rushe shagon saboda faɗaɗa titi. Fitilar nan ta ƙi jin mari, ɗayar ba ta isa ba, ba su da haske sai na ranar la'asar da ke shigowa ta ƙofa.

Dattijon kuwa sai maimaita "Ka dawo?" yake kamar mai karanta sanarwa.

"Baba," in ji mai ɗaukar hoto, "rana fa ba ta jin tukuna."

Aka sake, karo na ƙarshe. Saurayin da ke fitowa a ɗan ya shigo, tela ya faɗi maganarsa, ta fito a bushe kamar ɗazu. Mai ɗaukar hoto ya waiwayo. Baba bai ga komai ba sai inuwa biyu, zuciyarsa na ce masa shi ke nan, fim ya mutu. Amma bakinsa ya riga ya saba.

"Tukuna."

Tela ya zaci an gama. Ya yi ajiyar zuciya, sai idonsa ya faɗa kan wani maɓalli da ke reto a rigar saurayin. Ya jawo shi ta wuyan riga, ya zaro allura daga aljihu.

"Tsaya mana! Dubi yadda kake yawo. Kai ba ka da mai duba ka ne?"

Ya shiga ɗinki rigar na jikin yaron, yana mita. Saurayin, da ba a rubuta masa kuka ba, hawaye suka zubo masa. Sai da Baba ya ji ƙarar zare da tela ya tsinke da haƙori, sannan ya ce, "Yanke." Ya juya a hankali. "Me ya yi?"

"Maɓalli ya ɗinke masa, Baba."

"To. Yaron ya dawo gida."

Baba, kai ne mai haƙurin da ya dafa dutse ya sha romonsa. Kai ne ka koya mana cewa bayan magana akwai magana. Ba a sa hotonka a bango ba, amma fuskokin da ka jira suna nan a idonmu.

Ranar da Baba ya tara yaran aikinsa ya ce ya ajiye kyamara, ba wanda ya shirya amsa. Baki ɗaya suka ce, "Tukuna!" Ya yi dariya har ya share ido.

Mun gode, Baba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya saka da alheri. Mu kuma da muka saba katse mutane, idan wani ya gama magana gobe, kada mu yi saurin juya baya. Mu ɗan ba shi tukunarsa.