Lokacin da goshin maigidana ya daina motsi

A lokacin ina matar aure mai 'ya'ya huɗu a Madadi, ina sana'ar ƙuli-ƙuli, maigidana kuma manomi ne mai shanun huɗa. Mutum ne marar yawan magana, don haka tun aurenmu a goshinsa nake gane halin da yake ciki. In miya ta yi masa daɗi sai ya ɗaga gira, in abu ya dame shi sai goshin ya tattare.

Farkon wata damina sansa ya tunkuye shi a gona, ƙaho ya tsaga masa goshi. Ƙaninsa ya kai shi asibiti a Gwarzo, daga can aka tura su Kano aka yi masa aiki. Ni ina jego, ban samu zuwa ba. Da ya dawo na yi ta hamdala, amma ba a jima ba na ga fuskarsa ta sauya. Ko tuwo na kai masa, ko jaririya na miƙa masa, goshin nan ko gezau. Na ɗauka fushi yake yi da ni don ban je jinyarsa ba. Sai kuma maƙwabciyata ta ce ai haka shanyewar ɓarin jiki ta fara wa mahaifinta. Abinci ya fita raina har nonona ya ragu, yarinya ta yi ta ramewa, amma tsoron amsar da zan ji ya hana ni tambaya.

Ranar da ya iske ni ina kuka a bakin murhu, ya tsuguna kusa da ni ya ce sai na faɗa masa damuwata. Da ya ji, sai ya yi mini bayani. Ya ce likita ne ya yi masa wata allura da ake kira botoks, mai kwantar da naman goshi don kada ya riƙa jan ɗinkin har tabo ya yi faɗi, kuma cikin 'yan watanni za ta sake shi. Ya ce saboda ni ya yarda, don kada kullum in kalli tabon gabana ya faɗi. Ya ba ni haƙuri, wai bai zaci na lura ba. Kafin kaka goshin ya warware, tabon ya zama siriri kamar zare.

'Yan'uwana mata, in naku ya dawo daga asibiti ku tambaye shi abin da aka yi masa, kada ku bar maƙwabta su fassara muku. Ku ma maza ku riƙa yi mana bayani. Da na buɗe baki tun farko, da 'yata ba ta sha yunwar da ta sha ba, kuma wannan har yau yana sosa min rai.