Ƙarar da ta shiga rediyon Baba a Romi

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, saboda haka wataƙila na haɗa ranaku biyu wuri guda.

Bayan na gama karatun lantarki, na zauna a Romi ina jiran aiki. Maƙwabcinmu, da kowa ke kira Baba, wani dattijo ne daga kudancin jiharmu, ya yi ritaya daga wata masana'anta a Kudenda. Yana da lasisin rediyo irin wanda ake magana da mutanen nesa. Kullum da la'asar yakan murɗa maɓallan na'urar a hankali, idonsa a kan allura, har ta kwanta inda yake so, sannan ya kira abokansa. Wata rana wani ƙugi ya cika masa rediyo, kamar ana soya ƙosai a ciki.

Ya kira ni. "Injiniya, zo ka nuna mana amfanin takardar nan taka."

Na saurara, na ce, "Baba, ban tabbata ba, amma irin wannan yakan iya fitowa daga tartsatsi, misali na walda."

Kalmar ƙarshe kawai ya ji. A shagon gaban gidansa akwai mai walda, mutumin Kudu maso Gabas, da yake haya. Washegari Baba ya ce masa ya tashi ƙarshen wata.

Mai waldan ya tare ni a hanya yana dariya, ko da yake dariyar ba ta kai ciki ba. "Oga Injiniya, shekara nawa ina nan rediyo bai yi tari ba, sai da ka dawo da digiri?"

Abin ya tsaya mini a rai. Ranar Lahadi shago a kulle, na roƙi Baba ya kunna na'urar bayan coci. Ƙugin yana nan.

"Ragowar na jiya ne," in ji shi.

Sai na ɗauki ƙaramin rediyo mai batir, na sa shi tsakanin tashoshi, na bi layin falwaya ina sauraron inda ƙarar ta fi. Sau biyu ina kusa aka ɗauke wuta. A karo na uku mai waldan ya biyo ni, Baba kuma yana baya da sandarsa. Ƙarar ta tsananta a falwayar katako ta bakin cocin su Baba. Na taɓa karantawa cewa idan aka girgiza falwaya mai matsala, ƙarar takan canza, amma ba ni da guduma. Na ari taɓarya wurin wata mai sayar da burabusko.

"Ɗana, sakwarar wuta za ka daka?"

Na tsaya ina lissafin haɗari, sai mai waldan ya karɓe taɓaryar ya maka wa gindin falwayar. Ƙarar da ke rediyon ta yanke, ta dawo da ƙarfi. Muka ɗaga kai. Can sama wata guntuwar wayar ƙarfe tana lilo tana gogar ƙarafan falwayar. Da ita aka ɗaure ƙyallen sanarwar bikin godiyar kaka na cocin. An cire ƙyallen, an bar wayar.

Baba ya daɗe yana kallo. "Wa ya sa aka rataya wannan?"

Mai burabusko ta ce, "Kwamiti, Baba. Kai ne shugaba."

Ban bar kowa ya hau ba. Ma'aikatan lantarki suka zo suka cire ta bayan kwana biyu, ina jin, ko uku. Da la'asar ɗin Baba ya kira mai waldan ɗaki, ya zaunar da shi gaban makirufo, ya gabatar da shi ga wani abokinsa na nesa a matsayin "ɗan hayata na dindindin".

Matar Baba tana cewa ita ta fara hango wayar, ni kuwa ban tuna tana wurin ba. Duk wanda ya ga abin, in na kauce, don Allah ya aiko mini da gyara.