Kifaffen Keke a Mashigi na Sha Huɗu

Shekara goma sha tara Oom Salmon Kiewiets, wato Kawu Salmon, yana zuwa na ƙarshe, kuma da gangan. Bakaniken kekuna ne a garinmu, gajere, mai taurin kai, irin wanda ko likita ya ce ya kwanta sai ya nemi jin dalili. Duk Disamba, idan zafi ya kai har kwalta na laushi, ƙungiyar masu keke takan ɗauki hanyar kwana biyar daga cikin busasshen yankinmu na Karoo zuwa bakin teku, shi kuma ɗan baya. Kowa ya ƙara wuta a bar shi da jakar sifana da faci da famfo, da duk wanda gwiwa ta ci amanarsa.

Doka ɗaya ya kafa, kuma har yau ba wanda ya isa ya taka ta. Duk wanda zai sauka daga titi, ko fitsari ne, ko hoto, ko tsoma ƙafa a ruwa, sai ya kifa kekensa a gefen hanya, sirdi ƙasa, tayoyi sama. Oom Salmon ba ya wuce kifaffen keke. Ya taɓa jiran wani fasto kusan awa guda, ashe bawan Allah ya cika ciki da gasasshen naman rago ne ya sami inuwa barci ya sace shi. Ya sha faɗa kam, amma an jira shi.

Rana ta uku ita ce ta kwazazzabon da muke ce wa Poort. Jajayen duwatsu hagu da dama, tsayinsu sai ka ɗaga kai hula ta faɗi, titi yana bin kogi yana ƙetare shi sau ashirin da wani abu a kan ƙananan gadojin siminti. Waya ba ta aiki a ciki. Baƙi sai su yi ta santin kyan wurin. Oom Salmon dai bai taɓa son sa ba, ya ce wuri ne da ko tari ka yi sai ka ji kamar an ji ka.

A shekarar da nake faɗa su ashirin da uku ne. Tun kafin hantsi sauran suka yi nisa, aka bar shi da Anti Hendrina Fortuin, tsohuwar nas, wadda bakinta ya fi ƙafarta sauri nesa ba kusa ba.

"Salmon, daina hura mini numfashi a ƙeya," in ji ta. "Ko ka ji an ce gasa muke yi?"

"Gasa da ke, Anti? Ai ɗazu wani kunkuru ya wuce mu har yana gaishe ki."

"Allah ya shirye ka. Bakin nan ne ya sa matarka take samun lafiya duk Disamba."

Suna cikin haka suka sha kwana, sai ga keke a kife a bakin mashigi na sha huɗu. An kifa shi daidai yadda ya koyar. Tayar baya tana juyawa, tik, tik, tik, kamar yanzu mai shi ya ɗauke hannu.

Oom Salmon ya ja birki ya sauka. Kekuna ashirin da ukun nan duk ta hannunsa suka bi, ko ido rufe ya san kukan kowanne. Wannan bai san shi ba. Tsohon baƙin keke ne mai nauyi, amma sarƙarsa ta sha mai, ba ko ɗigon ƙura a jikinsa.

"Ba namu ba ne," in ji Anti Hendrina. "Mu tafi."

"In ba namu ba ne, wa ya koya masa kifawa?"

Ya haɗa hannu a baki ya ƙwala kira. Dutse ya maido masa da muryarsa sau biyu, sannan tsit. A nan ne ya lura birai ba sa nan. Kullum sukan cika bakin titi suna jiran a yar da ɓawon ayaba, yau kuwa suna can ƙololuwar dutse a jere, ba mai motsi, duk sun zubo ido ƙasa. Wata iska mai sanyi ta biyo kwazazzabon daga bayansu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali sama fes take ba gajimare ko ɗaya.

Duk ɗan wurin ya san abin da wannan ke nufi. An yi ruwa can tudu inda ido ba ya kai, kuma ruwan ba shi da wata hanya sai wannan.

Tsoro ya kama shi sosai, amma ya gangara. Ya bi 'yar hanyar da ta nufi wani gurbi mai zurfi a gindin dutse, yana kira. Ruwan baƙi ƙirin, kwance lumui. Babu riga a kan dutse, babu takalmi, babu sawu. Da ya hauro, kogin da ya bari garai-garai ya soma komawa kalar shayi da madara, yana tafe da 'yan ƙirare. Minti ashirin ke nan da tsayawarsu, tayar kuwa tana nan tana juyawa, ba ta ko rage gudu ba.

"Salmon." Muryar Anti Hendrina ta sauya, wasa ya ƙare. "Saura mashigi nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Ka san ba zan iya su ni kaɗai ba. Ni dai kana gani na. Mai keken nan fa, ka gan shi?"

Ya dubi keken, ya dube ta. Ya sake ƙwala kira ɗaya, irin wanda ke ƙone maƙogwaro, sannan ya hau. Bai waiwaya ba, amma sai da suka sha kwana biyu yana jin tik, tik, tik.

Ya dafa bayanta da hannu ɗaya yana turawa, tana taka feda tana addu'a tana haɗawa da zaginsa. A mashigi na ashirin ruwa ya hau kan siminti. A na ƙarshe ya kai musu gwiwa, da ƙyar suka ja kekunan suka haye. Ba su daɗe a kan tudu ba suka ji rugugi, ga ruwa nan ja wur ya cika Poort, yana jujjuya itatuwa da saiwarsu.

Shugaban tafiya ya ƙirga mutane. Ashirin da uku. Oom Salmon ya sa aka sake, aka kira suna ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi kowa ko ya ga baƙin keke a na sha huɗu. Duk sun bi ta nan, wasu har sun tsaya sun ɗauki hoto, ba wanda ya ga komai.

A nan ya bar tafiyar, bai ga teku ba a shekarar. Da aka buɗe hanya ya koma a ƙafa, ya duba gurbi da gurbi, ko ƙarfe bai tsinta ba. Ya yi wata uku yana zarya wurin 'yan sanda, ba wanda ya kawo cigiyar kowa.

Disamba mai zuwa ya miƙa wa ƙungiya jakar sifana ya ce su nemi wani ɗan baya. Anti Hendrina ta taka har shagonsa, ranta a ɓace.

"Kai wane irin mutum ne? Raina ka ceto fa! Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ɓata. Abin nan ma ka tabbata mutum ne?"

Oom Salmon bai ɗago daga tayar da yake faci ba. A hankali ya yi magana.

"Mutum ne ko ba mutum ba, Anti, ban sani ba. Amma ko wane ne, bai kifa keken nan ba sai don ya san ni ne a baya."