Likitar da Ta Ƙi Rubuta wa Babana Magani ta Waya

Ƙarfe huɗu na yammar wata Laraba abin ya fara lalacewa, lokacin da na kwance ƙyallen ƙafar Baba na ji wari. Ina ɗalibar makarantar koyon aikin lafiya a lokacin, ga son karatu, amma in aka ce in yi magana gaban baƙo sai harshena ya sarƙe. Baba manomin shinkafa ne a Watari, yana da ciwon suga, kuma kara ya soke shi a tafin ƙafa.

Wadda ta fara duba shi likitar wucin gadi ce, wani kamfani mai tura likitoci ya aiko ta asibitin garinmu saboda likitanmu ya tafi ƙaro karatu. Takan durƙusa ta wanke ciwon da kanta tana tsokanar Baba wai shayinsa ya fi rake zaƙi, shi kuma ya ce Allah ya haɗa shi da 'ya mai tsiwa. Da wa'adinta ya cika, ta yi wa likitanmu da ya dawo bayanin ciwon a gabanmu, ta miƙa mu gare shi. Baba ya ce ya gama da asibiti, don fuskar likitan namu kamar ta wanda aka tasa daga barci. Ban matsa masa ba, ni ma tsoron mutumin nake.

Ranar Larabar nan na ɗauki hoton ƙafar, na tura wa likitar wucin gadin da bayani dalla-dalla, na roƙe ta ta aiko sunan magani in saya a kemis. Nan take ta kira. Ta yaba bayanina, sannan ta ce ba za ta rubuta ba: Baba yana hannun wani likita yanzu, kuma ita yau ba ta taɓa ƙafar ba, ba ta shinshina ba. Na fashe da kuka, na ce ashe ƙaunar ta aiki ce kawai. Ba ta yi fushi ba. Ta nemi izinina ta kira likitanmu, ta ce mu tafi asibiti yanzu. Baba kuwa ta ce masa in ya ƙi, ya nemi wata 'yar. Ya tashi yana gunaguni yana laluben hularsa.

Yatsa ɗaya aka cire, ƙafar ta tsira. Har yau in na ga gurbin yatsan sai zuciyata ta sosu. Masu jinya, kada sabo ko kunya su hana ku komawa wurin likitan da aka miƙa ku gare shi.

Da ta zo gaishe da Baba bayan salla, na tambaye ta ko ba ta tausaya mini ba ran nan. Ta ce ta tausaya, har ta fara rubuta sunan maganin ta goge, don ta san halina: zan ba shi daidai ba kuskure, in zauna ina jiran ya yi aiki har ƙafar ta tafi.