Rediyo da Malamin da Ba Ya Faɗa

Ɗakin wanki na otal ɗin da take aiki yana can ƙasa, babu ko taga. Injina na ruri tun safe har yamma, duk mai son a ji shi sai ya ɗaga murya. A nan muryarta ta buɗe, a nan kuma abokan aiki suka laƙaba mata suna Rediyo. Sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon dutsen guga. Mijinta direban motar asibiti ne, mutum mai shiru, ya daɗe da bar mata filin magana. 'Ya'yansu sun girma sun kama gabansu. Wanda ya hana zuciyarta sakat shi ne ƙaninta, Auta.

Ita ta raine shi. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita kuwa ta ajiye jakar makaranta ta ɗauke shi. Don haka ko da ya yi gemu, ya yi aure, ya haifi 'ya, a idonta yana nan yaron da take kora ya wanke ƙafa kafin ya hau gado.

Auta lebura ne a wata ma'ajiyar siminti, yana sauke buhuna daga manyan motoci. Wata rana bayansa ya riƙe. Maimakon a tura shi asibiti, sai shugaban leburori ya zaro ƙwaya daga aljihu ya ce ya haɗiye, mota na jira. Ya haɗiye, ciwo ya lafa, ya sauke motar har yana waƙa. Daga ɗaya aka koma biyu, daga biyu aka koma cikin tafin hannu. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar ma'ajiyar, mutumin da ya fara miƙa masa ƙwayar shi ne ya sallame shi, wai su ba sa aiki da 'yan maye.

"Shi ya ba shi fa!" Haka Rediyo take faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da teburin gugarta. "Da hannunsa! Kuma yana nan yana yawo da tumbi, ko kunya babu."

Abin bai tsaya nan ba. Auta ya manta 'yarsa a ƙofar makaranta har maigadi ya kulle, yana can gindin bango yana gyangyaɗi. Matarsa ta kwashe kayanta da yarinyar ta koma gidan iyayenta. Rediyo ta share ƙaramin ɗakin da suke ajiye tarkace, ta shimfiɗa masa katifa, ta kuma buɗe masa wuta. Da safe faɗa, da yamma faɗa. Ta yi zagi, ta yi kuka, ta tuna masa uwarsu, ta zazzage aljihunsa a masai. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya. Na bari, Yaya." Kafin ta dawo daga aiki idonsa ya juye.

Dangi ma sun zo. Sun cika falo, sun sha shayi, kowa ya yi wa'azinsa ya karkaɗe riga ya tafi, ba wanda ya sake leƙowa. Kawunsu ne ya ba da shawarar wani gidan gyaran hali a bayan gari, ya ce can ake lanƙwasa masu taurin kai. Ta kai shi da kanta. Da ta je ɗauko shi, sai ta tarar da shatin sarƙa a idon sawunsa, bayansa mai ciwo duk sawun bulala. Ta tsaya a ƙofar gidan ta yi ta surfa musu bala'i har karnukansu suka gaji da haushi suka kwanta. Auta kuwa ko mako bai rufa ba ya koma wa ƙwaya, fiye ma da dā.

Mijinta ne, mai shirun nan, ya ce a asibitinsu akwai wani ɗaki bayan wurin karɓar magani, inda wani malami yake zama da masu irin wannan matsala. Ta tasa Auta a gaba suka je. Tana tafe tana fatan ta tarar da ƙato mai muryar tsawa da allura a hannu.

Sai ga wani siririn mutum mai tabarau, a ɗan ɗaki mai kujerun roba da fanka mai juya wuya. Ko tebur babu a tsakaninsa da mai zuwa. Ya gaishe su, sannan ya dubi Auta.

"Kana so Yaya ta zauna da mu, ko ta jira a waje? Yadda ka fi so."

"Ni?" in ji Rediyo. "Ni ake neman izini in zauna? Malam, ni na wanke kashin yaron nan!"

Auta ya ce ta zauna. Ta zauna, ta fara karanto laifuffukansa tun daga tushe. Malamin ya saurare ta har ta tsaya jan numfashi, sannan ya ce, "Kin ɗauki kaya mai nauyi ke kaɗai, Yaya. Ko za ki ara mini shi na ɗan lokaci?" Ya juya ga Auta. "Faɗa mini, me ƙwayar nan take yi maka wanda kake so?"

Saura kaɗan ta zamo daga kujera. Wanda yake so? An kawo mutum a raba shi da guba, ana tambayarsa daɗinta!

Auta ya ɗago kai yana duban malamin kamar mai tsoron tarko. Can ya ce, "In na sha, bayana yana sakina. Kaina kuma ya yi shiru. Ba na jin kowa."

"Ba ka jin kowa," malamin ya maimaita.

"Har Yaya."

Maganar ta soke ta.

Malamin ya ce, "Ina jin ka. To, me ƙwayar take ɗauke maka?"

Amsar tana cike da bakin Rediyo: aiki, mata, mutunci, lafiya. Ta yunƙura, malamin ya ɗan ɗaga mata tafin hannu ba tare da ya kalle ta ba. Fanka ta juya ta dawo, ta juya ta dawo.

"'Yata," in ji Auta. "Na je ganinta, ta ɓuya bayan labule. Na ji tana ce wa uwarta idon Baba ba nasa ba ne."

Rediyo ba ta taɓa jin wannan labari ba, alhali a gida ɗaya suke kwana.

Malamin ya ce, "A ce ɗaya ita ce ba ka son barin ƙwayar ko kaɗan, goma kuma kana so da dukan zuciyarka. Kana ina yau?"

"Huɗu."

"Huɗu!" Ta daki cinyarta. "Don ƙaniyarka, huɗu?"

"Me ya sa huɗu, ba ɗaya ba?" in ji malamin, kamar ba a yi magana ba.

Sai ga Auta yana jero dalilai da bakinsa. Ya gaji da farkawa jiki na rawa. Ba ya son yarinyar ta girma tana jin kunyar sunansa. Yana son ya sake tashi da safe yana da inda za shi. Duk maganganun da ta shekara tana cusa masa yana tofarwa, yau shi yake faɗinsu.

Da suka fito ta tare malamin a baranda. "Malam, tsakaninka da Allah, wannan shi ne maganin? Ko sau ɗaya ba ka ce masa ya bari ba!"

"In na ce ya bari, Yaya, zai kawo mini dalilan sha, ya yi ta kare ƙwayar har ya ƙara yarda da ita. In na tambaye shi, shi zai kawo dalilan bari. Mutum ya fi riƙe maganar da ta fito daga bakinsa."

"Ke nan duk abin da na yi a banza ne?"

"Ba don ke ba, ban san ko zai kai yau da rai ba. Amma ki gwada tambaya ɗaya a inda kika saba faɗa."

Ta tafi tana huci. A wurin aiki ta sa masa suna Malam Ina-jin-ka, tana kwaikwayon muryarsa har masu ninke tawul su riƙe ciki. Amma a gida ta gwada, kuma ba ta taɓa aikin da ya fi wannan wuya ba. In magana ta taso mata sai ta shige kicin ta huce a kan tukwane, har mijinta ya ce za ta huda su.

Auta ya ci gaba da zuwa. Bayan 'yan makonni, da kansa ya ce a duba masa bayan. Hoto ya nuna ƙashi ya goce tun wancan lokaci, duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayarsa ina ke masa ciwo, har ita. Likita ya riƙa rage masa ƙwayar sannu a hankali. Ya sha zufa da amai da ciwon gaɓoɓi, ita ce mai canja masa zanen gado.

Watanni sun shuɗe lafiya, sai wata rana ta dawo daga aiki da la'asar ta same shi jingine da bango, ido a juye. Harshenta ya cika fal. Ta tsaya a kansa, ta jira har ya dawo hayyacinsa, ta ce, "Yanzu me kake so ka yi?"

Ya fashe da kuka. "Ki raka ni wurin Malam."

Can ma ba a yi masa faɗa ba. Malamin cewa ya yi, "Ka dawo da ƙafarka. Me ya faru ranar?" Ita kuwa tana gefe tana cizon leɓe, don a ganinta ko mari ɗaya ya kamata a ce an yi.

Yanzu Auta yana tsaron ƙofa a wani wurin ajiye motoci, aikin zaune. Matarsa ba ta dawo ba, amma tana barin yarinyar ta zo ƙarshen mako. Rediyo har gobe cewa take malamin nan ba shi da jini a jika.

Kwanan baya hukumar asibitin ta ce tana buƙatar ɗakin don ajiye kwalaye. Aka mayar da malamin wani lungu a ƙarƙashin matakala, aka rataya masa labule, duk mai wucewa yana jin sirrin mutane. Rediyo na jin labari ta nemi izini a wurin aiki, ta haura ofishin shugaban asibitin da rigar aikinta a jiki.

"Ranka ya daɗe, kwali kunya yake ji, ko mutum?"

Ya ce za a duba, ta je ta dawo.

"Ba inda za ni," in ji ta, ta ja kujera. "Ku duba ina nan."

Ba a mayar da ɗakin ba tukuna. Duk ranar hutunta tana can, sakatariyar shugaban har ta san irin takunta, tana jin ta a matakala take tashi ta rage ƙarar fanka don kada shugaban ya ce bai ji ta ba.