Ɗiyar Fari Ba Ta Cikin Kati

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son in zo, sai ta ce wa ƙanwata, "Kira mini waccan." In kuwa mu biyu ne kaɗai a tsakar gida, sai ta yi magana tana duban tukunya, kamar tukunyar ce za ta tashi ta ɗebo ruwa. Haka uwarta ta yi wa ɗanta na fari a Geskeru, haka matan unguwarmu da yawa suke yi a Diffa. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, gida ɗaya da Inna, har ranar da Allah Ya karɓi abinSa na kwashe kayana na koma ɗakin yara.

Ni ma na san al'ada ce. Sai dai a lokacin ina da shekara goma sha shida, kuma na gama lalacewa da littattafan soyayya. Akwai wani tsoho da ke shimfiɗa su a kan tabarma kusa da tasha, yana ba da haya. A cikinsu uwa takan rungume ɗiyarta, ta share mata hawaye da gefen mayafi, ta kira ta da suna har da ƙari. Nakan karanta a bayan buhunan tattasai a shagon Baba, hancina yana zuba saboda yaji, ina ɗauka hawayen tausayi ne. In na dawo gida na ga Inna tana daka, fuskarta a ɗaure, sai in ji kamar an sa ni a littafin da ba nawa ba.

Baba mutumin Damagaram ne, fataucin tattasai ya kawo shi Diffa. Rabin shekara yana kan hanya bayan manyan motoci. Inna kuwa tana da nata abin yi. Mahaifinta ya bar mata injin ban ruwa a bakin kogin Kumadugu, ta bar shi a hannun ƙanenta, Kawu, yana shayar da gonar tattasai da shi. Bayan girbi sai ya aiko mata da rabonta. Ta shanya, ta daka, ta ƙulla, mu kai kasuwa. Da wannan take yi mana takalmi da sabulu ba tare da ta jira dawowar Baba ba.

Wata shekara aka zo da maganar asusun lafiya, wanda mutanen ofis ke ce wa mitiyel. Kowane gida zai riƙa zuba wani abu a shekara, gwargwadon yawan mutanensa, ranar da ciwo ya zo asusun ya ɗauki mafi yawan kuɗin asibiti. Mata sun daɗe suna gardama a kai. Wasu suka ce biyan kuɗin ciwo tun kana lafiya kamar aika wa ciwo goron gayyata ne. Inna kuwa, damina biyu a jere zazzaɓin ƙannena ya cinye mata ribar daka. Magani kyauta na ƙananan yara ne, su kuwa duk sun wuce nan in ban da auta. Ta ƙulla kuɗinta a bakin zane, ranar rajista ta sa mu gaba. Baba yana hanya.

An yi zaman a ƙarƙashin wata rumfa a ƙofar gidan mai unguwa. Mata sun cika tabarmi. Gwaggo, yayar Baba, ta samu wuri kusa da Inna, ni kuma ina tsaye a baya da auta a kafaɗa. Ma'aikacin da ke rajistar saurayi ne, baƙo, da jin yadda yake Hausa daga yamma ya zo. Ya sa farar riga mai guga, har na fara tsara masa rayuwa a raina, da gida mai furanni da wata da ta yaudare shi.

"Hajiya, yara nawa? Ki faɗi sunayensu, daga babba."

Inna ta gyara zama. Ta fara da ƙanwata, ta bi maza biyu, ta ƙare da auta. Ya rubuta, ya ɗauki hoton kowa a jikin wani farin ƙyalle. Sai ya nuna ni da alƙalami.

"Wannan fa?"

Rumfar ta yi tsit, irin shirun da mata ke yi in suna jiran abin dariya. Inna ta dubi ƙasa.

"Ta kakarta ce."

Mata suka fashe. Gwaggo ta buga cinya ta ce, "Kai yaro, a garinku ba a haihuwar fari ne? Wuce gaba, kada ka sa baiwar Allah ta nutse a ƙasa."

Shi ma ya yi dariya, don ya ga ana yi. Ya ɗauka kakar tana nan da ranta, za ta zo da nata katin. Matan kuma kowace ta ɗauka ya gane, ya rubuta ni a ɓoye kamar yadda ɗan gari zai yi. Inna ma haka ta zata. Da ya faɗi abin da za ta biya ta ga ya yi ƙasa da abin da ta ƙulla, sai ta ce a ranta rangwame aka yi wa mata. Ni kaɗai na lura ba a tsayar da ni a jikin farin ƙyallen ba. Na koma gida da abin a zuciya, na kwanta ina jin daɗin baƙin cikina, ina tsara yadda wata rana za a neme ni a rasa.

Ciwon ya zo lokacin shanyar tattasai. Duk wanda ya san kwarin Kumadugu ya san wannan lokaci, in ka tsaya a tudu sai ka ga rairayi ya yi ja har iyakar ganinka, kamar an shimfiɗa wa rana darduma. Rabon Inna bai riga ya iso ba. Da safe na tashi da murɗar ciki, aka ba ni jiƙo. Da hantsi ciwon ya sauka gefen dama ya tsaya, na kasa miƙe ƙafa. Inna ta taɓa goshina da bayan hannu, abin da ban tuna ta taɓa yi ba, ta ce wa ƙanwata, "Je ki kira Gwaggonku, ki tsayar da keke. Ɗauko katin a ƙarƙashin akwati."

A littattafaina likita kullum dogo ne, mai sanyin murya, ba shi da aure. Wanda ya duba ni a asibiti gajere ne mai furfura, da goro a kumatu. Ya danna cikina ya saki, na yi ƙara. Ya ce wani ɗan hanji ne ya kumbura, apandisit, kuma aiki za a yi yau, kada a bari ya fashe. Ya rubuta takardar kayan aiki da magunguna, doguwa, ya ce a kai wurin biya.

Aka kwantar da ni a kan benci kusa da tagar wurin biyan, don haka duk abin da aka yi a kunnena aka yi shi. Inna ta miƙa kati da takarda. Mutumin da ke ciki ya duba hotuna ɗaya bayan ɗaya, ya leƙo ya dube ni, ya sake dubawa.

"Hajiya, marar lafiyar ba ta ciki."

"Tana ciki. Gidan duka na biya."

"Mutum shida ne a nan, ke da maigida da yara huɗu. Ɗiyarki ce?"

Inna ta kau da kai. Gwaggo ta cusa kai ta tagar. "Ɗiyarta ce mana, ta fari. Kai ma baƙon ne?"

"A'a Gwaggo, a nan aka yanke mini cibiya. Na gane abin da ya faru, ba ku ne na farko ba." Ya ce ana iya ƙara ni, amma sabon shiga sai ya yi wasu watanni kafin asusu ya fara biya masa, dokar abin ke nan, ba shi da ikon taɓa ta. Ya faɗi jimillar kuɗin a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Na ga Inna ta dafa bango.

Aka kira wayar Baba, ba ta shiga, yana wani wuri tsakanin Maine da Gure. Gwaggo ta ja Inna gefe, kusa da kaina, ta rage murya.

"Ke, saurara. Ita da ƙanwarta kamar an tsaga kara. Mu fita mu zagayo ta ɗaya ƙofar, in an canza ma'aikaci da azahar mu ce ita ce wannan ta hoton. Wa zai tsaya ƙirga haƙoranta?"

"A'a, Yaya."

"A'a me? Kuɗinki ne fa a ciki, ba sata za ki yi ba. Kunyarki ce ta jawo mana, to bari wayona ya fitar da mu."

"Yaya, wuƙa za a sa mata." Muryar Inna ba ta tashi ba. "Ba za a kwantar da ita a yanka da sunan wata ba. In Allah Ya tashe ta, da nata za ta tashi. In kuma wani abu ne, da nata za a yi mata addu'a."

Gwaggo ta ja tsaki. Can ta ce, "To ai sai ki faɗa musu sunan, tunda kin san shi."

"Tana da baki."

Ina kwance ina jin kamar ana juya mini garwashi a ciki, amma sai da na kusa dariya. Mutumin taga ya fito da kansa ya durƙusa kusa da bencin, na faɗa masa sunana da na Baba, ya rubuta. Inna ta juya baya tana gyara ɗaurin ɗankwali har ya gama.

Daga nan ta karɓi wayar Gwaggo ta kira Kawu. Da Barbarci suka yi magana, wanda nake ji rabi da rabi. Na ji ta ambaci injin, na ji sunan wani maƙwabcin gonarsu da ya daɗe yana nema a sayar masa. Na ji muryar Kawu ta ɗaga daga cikin wayar, yana cewa ta jira maigidanta, ta jira rabonta ya bushe, ta nemi rance. Ta bar shi ya gama, ta maimaita maganarta sau ɗaya, ta kashe. Kafin la'asar kuɗin ya iso ta wurin masu aika kuɗi na bakin kasuwa. Ƙanwata ta yi ta gudu tsakanin kantin magani da ɗakin aiki da leda a hannu.

Abin da na tuna kafin barci ya ɗauke ni shi ne fitila mai haske da wata ma'aikaciya tana tambayata ko ina da saurayi. Na ce ina da su da yawa amma duk a takarda suke. Ban ji amsarta ba.

Na farka da ƙishirwa. Gwaggo tana gefe tana ba matar gadon kusa labarin abin da ya faru, ta riga ta gyara shi, a nata labarin ita ce ta hana a yi ƙarya. Inna tana zaune a ƙasa a kan tabarma, ta ba ni gefe, tana yi wa ƙafafuna fifita da murfin kwano. Da ta ga na buɗe ido sai ta mayar da fifitar kanta, ta ce wa ƙanwata, "Ga ta nan ta tashi. Kada ta sha ruwa sai an ce."

Baba ya iso washegari da ƙurar hanya a gemu. Da ya ji zancen injin ya yi faɗa, ya ce zai fanso shi. Ya je har Geskeru, amma wanda ya saya ya riga ya kafa shi a gonarsa, ya ce ko an ninka masa ba zai bayar ba, kuma ba a ga laifinsa ba. Kafin Baba ya sake tafiya aka ƙara ni a kati. Har yau ina biya, ni da nawa yaran, kuma duk shekara sai na ji nauyinsa.

Rabon Inna na wannan shekarar ya zo, shi ne na ƙarshe. Da rani ya zagayo Kawu ya noma rabin gonar da injin haya, abin da ya samu bai wuce bakin gidansa ba. Inna ta koma sayen tattasai tiya-tiya a kasuwa kamar kowace mai daka, ribar ta zama 'yar kaɗan. Takalmanmu suka riƙa kaiwa shekara. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, ko cikin faɗa.

Wata ranar da yamma muna tsakar gida mu biyu, tana daka ina tankaɗe, na yi ƙarfin hali. Na shirya maganar tun safe, mai tsawo, da kalmomi masu daɗi da na tara shekara da shekaru. Da na buɗe baki duk suka gudu.

"Inna, injin Kaka..."

Taɓarya ba ta tsaya ba. Ta dubi cikin turmi ta ce, "Ƙarfe ne."

Ta ƙara bugu biyu ko uku, sannan ta ce wa turmin, "A daina ɗaga wannan kwaryar da hannu ɗaya. Ɗinkin bai gama kamawa ba."

A lokacin ɗinkin ya kusa shekara da warkewa. Na sa hannu biyu na ɗaga kwaryar.