Na'urar Ɗan Goma

Mai gyaran rediyo ne, shagonsa a ƙarƙashin bene, ko'ina ƙaurin dalma. Ɗan Goma ake ce masa, don kullum ƙorafinsa ɗaya: "Allah ya ba mu yatsu goma, a ce kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya?"

Sai ya ɗaura aniyar ƙera na'urar lissafi mai hawa goma, kowace lamba da nata ƙarfin wutar. Ta cinye masa ƙuruciya. Rediyon mutane suka yi ta tsufa a kan kanta, masu su suka gaji suka canza shago.

Yayan matarsa malamin lantarki ne a kwaleji. Sau ɗaya ya yi masa bayani: "Wuta ba ta da alƙawari. Tsakanin akwai da babu fili ne, ko ta yi rawa ba a ruɗewa. Tsakanin shidanka da bakwai kuwa, silin gashi ne."

"Yaya, ai ba a gwada ba ne."

Da na'urar ta fara aiki, sai ga yayan da fara'a, wai ya zo ya nuna wa ɗalibai. Ɗan Goma ya sha guga, ya rungumo ta kamar jaririya har cikin aji. Ya danna uku, ya ƙara huɗu. Bakwai ta fito. Aka tafa, idonsa ya ciko.

"Madalla," in ji yayan. Ya jona injin huda ƙarfe a soket ɗin da take, ya kunna.

Bakwai ta koma shida, ta haura tara, ta faɗo biyu. Dariya ta ɓarke. Ɗan Goma na murɗe-murɗe, gumi na ɗiga a kan wayoyin.

"Bar ta haka, ƙanena," in ji yayan, ya juya ga ajin. "Darasin yau ke nan. Na daɗe ina neman wanda zai yi wannan wautar ku gani da idonku. Ku rubuta."

Suka duƙufa suna rubutu, shi Ɗan Goma yana tsaye.

A gida matarsa ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Sun tafa."

Da sababbin ɗalibai suka shigo, yayan ya aiko gida a ba shi na'urar, ya ce shi mai ita ba sai ya wahalar da kansa ba. Matar ta bayar yana shago, ta jera bokitai a gurbin. Da ya dawo ya daɗe yana kallon bokitan. Sannan ya cire takalmi, ya ce ta ba shi ruwa.